Yadda ƙaramin ɗan kasuwa zai koyi fito da shagonsa a Google

A da, baƙon da ya sauka Kantin Kwari daga Maiduguri ko Maraɗi neman shadda, dillali yake fara nema. Dillali ne ya san layin da ake ajiye mai kyau, ya san wanda ke da launin da ake so, ya ja baƙo har ƙofar shago ya karɓi la'adarsa. Dillalai suna nan har gobe. Sai dai yanzu mai saye, kafin ya hau mota, waya yake ɗauka ya rubuta abin da yake nema a Google. Wanda sunansa ya fito shi ake kira. Wanda bai fito ba, ko da kayansa sun fi na kowa a layin, bai ma san an yi cinikin ba.

Aikin da ake yi don suna ya fito shi ake ce wa SEO. Harufan Turanci ne, abin da suke nufi kawai shi ne gyara bayanan kasuwancinka yadda injin bincike zai gane abin da kake sayarwa, ya nuna ka ga mai nema. Ba talla ba ce. Talla biya ake yi, tana fitowa can sama da alamar cewa an biya, kuma ranar da kuɗinka ya ƙare ranar take ɓacewa. SEO kuwa fitowa ce a jerin da ba a biyan Google ko sisi a kansa. Lokacinka za ka kashe.

Yawancin darussan SEO da ke YouTube an shirya su ne don kamfanonin da ke da shafuka dubbai da ma'aikata na musamman. Mai shago ɗaya bai buƙatar ko kashi ɗaya cikin goma na wannan. Abin da yake buƙata shi ne ya bi abubuwa kaɗan, amma a jere, kada ya sa na ƙarshe a farko.

Kafin a fara: me Google yake yi?

Abu uku. Yana da wata manhaja mai suna Googlebot da ke yawo daga shafi zuwa shafi, tana bin mahaɗai, wato rubutun nan da ake dannawa ya kai mutum wani shafi. Abin da ta karanto sai a adana a wani babban kundi. In wani ya yi tambaya, daga kundin ake zaɓo amsoshi a jera su, wanda ake ganin ya fi dacewa a sama. Saboda haka matsalarka ɗaya ce cikin uku: ko Googlebot bai taɓa ganinka ba, ko ya gan ka bai saka ka a kundi ba, ko kana cikin kundi amma wasu sun fi ka amsa tambayar. Kowacce maganinta daban.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa hotunan da kake ɗorawa a status na WhatsApp ba sa taimakonka a nan. Googlebot ba ya shiga can, kuma bayan awa 24 sun tafi.

Mataki na farko: nemi kanka

Ari wayar wani wanda bai taɓa neman shagonka ba, ko ka buɗe shafin sirri a Chrome, don kada tarihin bincikenka ya yaudare ka. Rubuta sunan shagon. Sannan rubuta sana'ar da garin, misali "tela a Zariya" ko "gyaran waya Farm Centre Kano". Sayi littafi mai shafi arba'in, ka rubuta kwanan wata, abin da ka nema, da sunayen waɗanda suka fito a ukun farko. Wannan littafin shi ne ma'auninka. Bayan wata uku za ka dawo masa.

Mataki na biyu: gano kalmomin da mutane ke rubutawa

A nan zan daɗe, don a nan ake cin riba, a nan kuma ake faɗuwa. Mai kaya yana kiran kayansa da sunan da 'yan kasuwa suka sani, mai saye kuma yana nema da sunan da ya zo bakinsa. Google kalmomin mai saye yake bi.

Mu ɗauki mai shadda. Bakano zai rubuta "shadda". Wani zai rubuta "gezna", yana nufin Getzner ta ƙasar Ostiriya. Ɗan Legas "guinea brocade" ya sani. Mutumin Damagaram ko Yamai da ya saba da Faransanci "bazin" zai rubuta. Kaya ɗaya, suna huɗu, kwastoma kala huɗu. In shafinka ɗaya kawai ya ambata, sauran ukun ka bar wa maƙwabcinka. Kuma mutanenmu gauraya suke yi: "price of shadda in Kano", "ɗinkin atamfa styles", "turaren wuta Maiduguri original". Kada ka raina irin wannan rubutu, shi ne ainihin yaren kasuwa a waya.

Ina za ka samo kalmomin? Wuri na farko yana aljihunka. Buɗe WhatsApp ka karanta saƙonnin kwastomomi na wata biyu da suka wuce, ka kwafe tambayoyinsu kamar yadda suka rubuta, ba tare da ka gyara ba. "Nawa ne yadi biyar?" "Kuna turawa Jos?" "Ya ake gane original?" "Tana zuba in an wanke?" Tambayi yaran shago abin da aka fi tambayarsu. Babu wata manhaja ta kuɗi da za ta ba ka jeri mai kyan wannan.

Wuri na biyu Google ne da kansa. Fara rubuta "shadda" ka tsaya, kada ka danna nema. Kalmomin da yake ƙarasa maka daga abin da mutane ke nema suke fitowa. Gwada "shadda" da harafin a, sannan b, sannan c, ka ga abin da kowanne zai kawo. Ka danna nema, ka duba akwatin tambayoyin da ke tsakiyar shafi, ka gangara can ƙasa inda ake jera binciken da ke da alaƙa. Duk ka zuba a littafi.

Na uku Google Trends, kyauta ne. Zaɓi Nijeriya, ka saka kalma biyu ka gwada su, zai nuna wadda aka fi nema da jihohin da aka fi nemanta. Lura da abu biyu: lambobin da yake bayarwa daga 0 zuwa 100 ba yawan mutane ba ne, gwaji ne tsakanin lokaci da lokaci, kuma kalmar da masu nemanta ba su da yawa ba zai nuna komai a kanta ba. Hakan yakan faru da kalmomin Hausa, kuma ba ya nufin babu masu nema.

Akwai batun harufa masu ƙugiya. Ko da yake Gboard yana da allon Hausa, mafi yawan mutane "dinki" suke rubutawa ba "ɗinki" ba, "kofa" ba "ƙofa" ba. Gwada duka biyun ka ga ko sakamakonsu ɗaya ne. Ni shawarata, ka rubuta Hausarka daidai a cikin bayani, amma a adireshin shafi da sunayen hotuna ka yi amfani da harufa marasa ƙugiya, don sun fi sauƙin rubutawa da turawa.

In jerin ya taru, ka tace shi. Wanda ya rubuta "shadda" kawai, wataƙila hoto yake son gani. Wanda ya rubuta "inda ake sayar da shadda sari a Kano" kuɗinsa na hannu. Doguwar tambaya masu nemanta kaɗan ne, amma masu saye ne, kuma manyan shafuka ba su cika takara a kanta ba. Zaɓi goma irin waɗannan. Sun ishe ka aikin wata shida.

Mataki na uku: shiga taswira

Da za a ce abu ɗaya kacal za ka iya yi a duk wannan rubutun, wannan ne. In mutum ya nemi sana'a da sunan gari, sau da yawa Google yakan fara nuna taswira da shaguna uku a ƙarƙashinta, kowanne da lambar waya da taurari. Shiga wurin nan ba ya buƙatar shafin intanet. Rajista yake buƙata a Google Business Profile, wanda har zuwa ƙarshen 2021 ake kira Google My Business. Kyauta ne.

Da farko duba Google Maps ko wani ya riga ya saka shagonka. In yana nan, nemi mallakarsa za ka yi, kada ka buɗe na biyu. In babu, shiga business.google.com da Gmail ɗinka. Na ce naka. Ba na yaron kafe ba, ba na ƙanin matarka ba. Na sha ganin mai shago ya tara sharhin kwastomomi na shekara biyu, yaron da ya buɗe masa ya bar gari ko sun ɓata, shi ke nan babu halin canza ko lambar waya. In kana son wani ya taya ka, akwai inda ake ƙara shi a matsayin manaja, mallaka tana hannunka.

Suna: saka wanda ke jikin allon shagonka, ba ƙari. Za ka ga wasu sun cusa "best cheap shadda atamfa lace Kano" a cikin suna. Ya saɓa ƙa'idar Google, kuma ana dakatar da rajista a kan haka.

Rukuni: wannan ya fi yadda ake zato nauyi. Akwai babban rukuni ɗaya, da damar ƙara wasu har tara. Da Turanci za ka same su, irin su Tailor, Fabric store, Mobile phone repair shop. Zaɓi wanda ya fi kusa da ainihin abin da ke kawo maka kuɗi. In ka rasa, duba rukunin da shagunan nan uku na cikin littafinka suka zaɓa, yana rubuce a ƙarƙashin sunansu.

Adireshi: ga matsalar garuruwanmu, inda kwatance ya fi lamba aiki. Kada ka dogara da abin da ka rubuta. Tsaya a ƙofar shagon, ka ja alamar taswira da yatsa har ta zauna daidai inda kake. In layinku ba shi da suna, Google Maps yana ba kowane wuri wata gajeriyar lamba da ake kira Plus Code, ka kwafe ta ka riƙa tura wa baƙi. Kwatancen kuma, "bayan masallacin Juma'a, kusa da gidan mai", ka saka shi cikin bayanin shago, inda aka ba ka harafi 750.

Hajiyar da ke haɗa turaren wuta ko yin cincin a gida, tana aika wa mutane, ba dole ta bayyana gidanta ba. Akwai zaɓin ɓoye adireshi a nuna unguwanni ko garuruwan da ake kai kaya kawai. Ki zaɓi wannan.

Lokutan buɗewa: faɗi gaskiya. In kuna rufewa ranar Juma'a daga ƙarfe ɗaya zuwa uku, ana iya raba ranar gida biyu. In azumi ya zo lokaci ya canza, ka canza. Ranakun Sallah akwai wurin saka lokuta na musamman. Mutumin da ya biya kuɗin adaidaita sahu ya zo ya tarar da kwaɗo a ƙofa alhali waya ta ce a buɗe kake, ba zai dawo ba, wataƙila ma ya bar maka tauraro ɗaya.

Sai tantancewa. Google ne ke zaɓar hanyar: saƙon waya, imel, wasiƙa ko bidiyo. In bidiyo ne, a ɗauka ɗaya ake yinsa ba yankewa. Fara daga waje, ka nuna titi da shagunan maƙwabta, ka nuna allonka, ka buɗe ƙofa da makullinka, ka nuna kaya da inda kake karɓar kuɗi. Ke nan in ba ka da allo mai suna a ƙofa, je wurin mai fenti tukuna. Amsa takan ɗauki 'yan kwanaki. In an ƙi, sake yi, kada ka buɗe sabuwar rajista.

Bayan an amince, ɗora hotuna na gaske: gaban shago yadda mai zuwa zai gane shi, cikinsa, kaya, aikin da ka gama. Gani ya kori ji. Hoton da ka ɗauka da wayarka da hasken safe ya fi wanda ka sauke daga shafin wani.

Google da kansa ya bayyana abubuwa uku da yake dubawa wajen jera shaguna a taswira: dacewa da abin da aka nema, nisa daga mai nema, da shahara. Nisa ba ka da iko a kai. Dacewa ita ce ka gama gyarawa yanzu. Shahara ce ta rage.

Mataki na huɗu: taurari

Sharhin kwastomomi da taurarin da suke ba ka, daga ɗaya zuwa biyar, suna cikin abin da ke gina shahara. Cikin rajistar taka akwai mahaɗi na neman sharhi. Kwafe shi ka ajiye a WhatsApp Business cikin amsoshin gaggawa. Lokacin tura shi shi ne sa'ad da kwastoma ya ce "kaya sun iso, sun yi kyau". A take ka ce: "Alhaji, don Allah a taimaka a rubuta wannan maganar a nan." Kusan duk mai wayar Android yana da asusun Google, ko da bai sani ba. Da Hausa ya rubuta ko da Turanci, duk ɗaya.

Kada ka saya. Kada ka ce wanda ya ba ka taurari biyar za ka rage masa kuɗi ko ka tura masa kati, Google ya haramta. Kada ka tara 'yan gidanku su ashirin su rubuta rana ɗaya, na'ura tana shakkar irin wannan, takan goge. Biyu ko uku a mako daga masu saye na gaske sun fi.

Wanda ya zage ka fa? Amsa masa a fili, da ladabi, a gajarce. "Mun ji ƙorafinka, ɗinkin ya yi latti da kwana uku, laifinmu ne, ka kira mu mu gyara." Ba don shi kake rubutawa ba, don mutum ɗarin da za su karanta bayansa ne.

Mataki na biyar: shafi naka na kanka

Mai wankin mota ko mai abinci da kwastomominsa duk 'yan unguwa ne zai iya tsayawa a taswira. Amma in kana tura kaya wasu garuruwa, kana buƙatar shafi, don mai nema daga Yola taswirar Kano ba za ta fito masa ba sai ya ambaci Kano.

Abu biyu ake biya duk shekara: sunan shafin, da hayar wurin da za a ajiye shi. Sunaye masu ƙarewa da .ng da .com.ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, ana saye ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Na Nijar .ne ne. Zaɓi gajeren suna da za a iya faɗa a waya ba sai an maimaita ba. A nan ma, imel ɗinka da sunanka za a saka a rajista, kai za ka riƙe kalmar sirri, kai za ka san ranar sabuntawa. In aljihu bai kai ba, Blogger da Google Sites kyauta ne, a fara da su. In za a gina maka, WordPress, wato wata manhajar gina shafi, ya fi yawan masu iya gyara shi, in wannan ya gudu wani zai ɗora.

Wani ƙaramin abu da ke kashe shafuka a ɓoye: a WordPress, cikin Settings sashen Reading, akwai akwatin da ke hana injin bincike saka shafi a kundi. Masu gini sukan cika shi lokacin aiki, su manta. Duba da idonka ka tabbatar ba a cike yake ba.

Mataki na shida: kowace tambaya da shafinta

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba komai a shafi guda: shadda, atamfa, leshi, mayafi, takalma. Google shafi-shafi yake jerawa. Saboda haka shadda nata daban, atamfa nata daban, leshi nasa daban. Koma ga kalmomi goman nan naka, ka raba su, kowane rukuni da shafinsa.

A kowane shafi ga abin da za ka gyara. Take, wato shuɗin rubutun da ke fitowa a Google: kalmar nema a farko, gari, sannan sunan shago, kada ya wuce harafi sittin ko kusa da haka, don ana yanke dogo. "Shadda Getzner sari da ɗaiɗai a Kantin Kwari, Kano" ya fi "Barka da zuwa shafinmu" nesa ba kusa ba. Ƙarƙashinsa akwai gajeren bayani na kimanin harafi 150. Shi ba ya ɗaga ka a jeri, amma shi ke sa a danna, don haka ka faɗi abin da ya bambanta ka: kuna turawa ko'ina, ana biya bayan an gani, ana ba da sari daga turmi kaza. Wani lokaci Google yakan canza su da nasa, kada ka damu. Manhajojin Yoast ko Rank Math, da ake ƙarawa a WordPress, suna ba da gurbin rubuta duka biyun. In ka ga gurbin "meta keywords", wuce shi, tun 2009 Google ya sanar cewa ba ya amfani da shi.

Sai jikin shafin. Rubuta kamar kwastoma na tsaye gabanka. Kala nawa ne, yadi nawa ke isar babbar riga, yaya ake bambance mai kyau da jabu, yaya ake wanki, kwana nawa kaya ke yi kafin su isa Sakkwato, ta wace tasha. Sauran sunayen kayan, bazin da guinea brocade, ka ambace su sau ɗaya inda suka dace. Kada ka yi ta nanata kalma ɗaya kamar mai talla a tasha. Wannan dabara ta daɗe da mutuwa, yanzu ja baya take jawowa.

Farashi. Na san 'yan kasuwarmu ba sa son rubuta shi, saboda dala ba ta zama wuri ɗaya, kuma ciniki sai an taya. Amma "nawa ne" ita ce tambayar da ta fi kowace yawa a wayarka. In ba za ka saka tsayayyen kuɗi ba, saka daga kaza zuwa kaza, da ranar da ka sabunta, ka bayyana abin da ke sa wata ta fi wata tsada. Shafin da ya ce "a tuntuɓe mu" kawai, mai nema komawa yake ya danna na gaba.

Duk bayanin da ke jikin fastar talla, ka sake rubuta shi da harufa a shafin, kada ka dogara da hoto. Hotunan kuma ka canza musu suna kafin ɗorawa, daga IMG da lambobi zuwa shadda-fara-getzner, ka cike gurbin bayanin hoto da jimla ɗaya. A ƙasan kowane shafi a sami suna, adireshi da lambar waya, daidai da yadda suke a taswira, da maɓallin WhatsApp. Ana haɗa shi da wa.me sai lambarka da 234 a gaba, ba tare da sifilin farko ba.

Da wane harshe? Da wanda kwastomanka ke nema da shi. In duka biyun ne, yi shafin Hausa daban, na Turanci daban. Gwada neman "yadda ake gane shadda mai kyau" ka ga ƙarancin amsoshin kirki da ke akwai. Fili ne da ba a nome ba, kuma kai da ka shekara goma kana taɓa kayan ka fi kowa abin faɗa. Kana iya sa ChatGPT ya gyara maka jimla, amma bai san wace tasha kake kai kaya ba. Ilimin daga kanka zai fito.

Ka kuma yi aiki da kalanda. Shafin kayan Sallah tun watan Rajab ake rubuta shi, ba daren ashirin da bakwai ga azumi ba, don sabon shafi yana ɗaukar lokaci kafin ya samu wuri.

Mataki na bakwai: sauri

Google da siffar waya ta shafinka yake auna ka, ba ta kwamfuta ba. Buɗe shi a ƙaramar waya da data, ba a Wi-Fi ba. Saka adireshinsa a PageSpeed Insights, shafin Google da ke auna sauri. Abin da ake so, babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da rabi. Galibi hotuna ne masu laifi, ka matse su da Squoosh ko TinyPNG kafin ɗorawa. Adireshin ya fara da https. Takardar tsaron da ke ba da https ɗin kyauta ake samunta daga Let's Encrypt, kuma yawancin kamfanonin haya suna haɗa ta.

Mataki na takwas: Search Console, malaminka

Search Console wani shafi ne na Google da ke nuna maka yadda shafinka yake fitowa a bincike. Shi ma kyauta ne, kuma a nan ainihin koyon yake. Yi rajistar shafinka, ka tabbatar naka ne ta hanyar da aka nuna maka, ka miƙa taswirar shafi, wato jerin duk shafukanka. WordPress yana haɗa ta da kansa. Duk sabon shafin da ka rubuta, liƙa adireshinsa a gurbin da ke sama ka nemi a saka shi a kundi. Gwaji mai sauri kuma: rubuta site: a Google, ka manna sunan shafinka ba tazara, ka ga waɗanda ya sani.

Bayan 'yan makonni buɗe sashen Performance. Zai nuna ainihin kalmomin da mutane suka rubuta har aka nuna ka, sau nawa aka nuna, sau nawa aka danna, da matsayinka, har na wata 16 baya. Abu biyu za ka farauta. Kalmar da kake matsayi na takwas zuwa na ashirin a kanta: kana bakin ƙofa, ƙara wa shafin bayani da hoto, ka sa mahaɗi zuwa gare shi daga sauran shafukanka. Kalmar da ake nuna ka da yawa amma ba a dannawa: takenka ne bai ja hankali ba, canza shi, ka rubuta ranar a littafi, ka dawo bayan wata guda. Za ka kuma ci karo da tambayoyin da ba ka taɓa tunani ba. Kowacce sabon shafi ce.

Mataki na tara: a ambace ka

Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, tushen dabararsu shi ne ɗaukar mahaɗi daga wani shafi zuwa naka kamar shaida. Har yanzu yana da nauyi, amma shaidar mutumin kirki ɗaya ta fi ta 'yan haya ɗari. Saka adireshin shafinka a Facebook, Instagram, TikTok da Jiji, da suna da lamba iri ɗaya ko'ina. In ƙungiyar kasuwarku ko kamfanin da kake wa dillanci suna da shafi, nemi a saka ka. In wata jarida ta yi hira da kai kan tsadar kaya, roƙi a haɗa da mahaɗin. Masu cewa za su sayar maka da mahaɗai dubu a kan kuɗi kaɗan, bar su da kayansu. Tun 2012 Google ya fito da tsarin Penguin don irin wannan, kuma araha ba ta ado.

In za ka ɗauki wani ya yi maka

Ba laifi, amma bayan ka yi matakai huɗun farko da hannunka, don ka san abin da kake biya. Duk wanda ya yi maka alkawarin lamba ɗaya a Google cikin mako biyu, ko ya ce yana da ɗan'uwa a ciki, sallame shi. Google da kansa ya ce babu mai iya ba da wannan tabbaci, kuma ya ce aikin SEO yakan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfaninsa. Haka wanda ya kira ka ya ce daga Google yake, za a rufe rajistarka in ba ka biya ba: ƙarya ce, ba a biyan kuɗin rajista. Na kirki zai gaya maka shafukan da zai taɓa, ya yarda ka ƙara shi a Search Console ba tare da ka ba shi kalmar sirrinka ba, ya kawo rahoto duk wata.

In kai za ka riƙe abinka, ware awa ɗaya a mako, ranar da kasuwa ta fi sanyi. Mako na farko hotuna uku a taswira da amsa sharhi. Na biyu sabon shafi ɗaya daga tambayoyin WhatsApp. Na uku Search Console da gyaran take ɗaya. Na huɗu duba farashi da lokutan buɗewa. Sannan ka sa yaran shago su riƙa tambayar duk sabon kwastoma "a ina ka samu lambarmu?", wanda ya ce Google a ja masa layi a bayan littafin nan mai shafi arba'in. Ƙarshen wata ka ƙirga layukan, ka rubuta jimlar kusa da kwanan wata.